Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hukumar Tara Haraji: Ɗan Ci-rani Mai Iyali A Gida, Mazauni Ne Ko Ba Mazauni Ba?

Zuwa ga Shugaban Hukumar Tara Haraji ta Najeriya,
da shugabannin hukumomin haraji na jihohi da na Babban Birnin Tarayya.
Kwafi ga Shugabar Hukumar Kula da 'Yan Najeriya Mazauna Ƙasashen Waje.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a kan tambaya guda ɗaya da sabuwar dokar haraji ta tayar, wadda bayanan da suka iso gare mu ba su warware ta ba. Mutumin da yake aiki a Riyad ko Dubai ko Manchester, ya shekara bai taka ƙasar nan ba, amma matarsa da 'ya'yansa suna Kubwa kuma yana da ɗan gidansa a can, mazaunin Najeriya ne a idon doka ko kuwa ba mazauni ba ne? Sana'ata a nan Wuse ita ce rubuta wa 'yan kasuwa lissafi da cike musu takardun haraji, saboda haka ni ake bugowa bayan sallar isha'i daga waɗancan garuruwa ana yi mini wannan tambaya. Ina so in riƙa ba su amsar da zan iya ɗora yatsa a kanta a takarda.

Kada a ɗauka ina cikin masu ƙyamar gyaran da aka yi. Dokokin da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yuni, 2025, suka fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026, akwai alheri a cikinsu. An yafe haraji a kan naira 800,000 na farko na abin da mutum ya samu a shekara, kuma wannan ya sauke wa ƙananan ma'aikata nauyi. Sashe na 24 na Tsarin Mulki ma ya ɗora wa kowane ɗan ƙasa bayyana abin da yake samu da biyan harajinsa a kan lokaci. Ba ni da ja a nan.

Inda nake da ja shi ne wurin tantance wanda ake kira mazauni. Ƙa'idar a fili take: mazauni yana biyan haraji a kan duk abin da ya samu, ko a ina ya same shi a duniya. Wanda ba mazauni ba kuwa, abin da ya samu daga cikin Najeriya kaɗai ake taɓawa. Abin da yawancin mutane suka riƙe a ka shi ne lissafin kwana 183: ka yi su a gida cikin wata goma sha biyu, ka zama mazauni. To amma dokar ba ta tsaya a kwanaki ba. Ta lissafa wanda Najeriya ce matabbatarsa ta asali, da wanda yake da wurin zama na dindindin da zai iya sauka a ciki, da wanda ya saba zama a nan, da wanda yake da harkokin dukiya masu ƙarfi tare da iyali na kusa a ƙasar. Kowanne ɗaya daga cikin waɗannan ya isa. Ba sai sun haɗu ba.

Ranka ya daɗe, a duba su waye wannan jeri yake kamawa a cikin mutanenmu.

Ɗauki direba a Saudiyya. Igamarsa, wato takardar izinin zamansa, tana hannun kafilinsa, ubangidan da ya ɗauke shi aiki, kwantiraginsa na shekara biyu ne, ana sabuntawa ko a sallame shi. Ko da igamar tasa ta ba shi damar kawo iyali, wanda ba kowace ke bayarwa ba, tun 2017 Saudiyya ta sa kuɗi a kan kowane mutum da baƙo yake riƙe da shi, kuma tun 2020 kuɗin ya kai riyal 400 a wata a kan kowane kai. Mata da 'ya'ya huɗu riyal 2,000 ke nan duk wata, kafin a yi maganar haya da makaranta. Wanda albashinsa riyal 3,000 ne, ta ina zai fara? Dole iyali su zauna a gida. Shi kuma ya matse cikinsa, ya kwana ɗaki ɗaya da mutum biyar, ya turo kuɗi a kafa masa ɗaki biyu da falo a Dei-Dei don yaransa su huta da tashin mai gidan haya. Daga ranar da aka buga wa gidan nan kwano, ga wurin zama na dindindin, ga dukiya, ga iyali na kusa. Batun matabbata ta asali kuwa ba ya ma buƙatar gardama, domin a fahimtar lauyoyi mutum ba ya rabuwa da ita sai ya tare a wata ƙasa da niyyar zama har abada, kuma ƙasashen Larabawa na yankin Gulf ba sa ba ɗan ƙwadago wannan dama. Saudiyya ta buɗe takardar zaman dindindin a 2019, amma farashinta riyal 800,000 ne. Direbanmu ko a mafarki bai taɓa ganin wannan kuɗi ba.

Bari in yi lissafin a gabanka, don kada a ce kururuwa ce. Riyal yana ɗaure da dala a kan 3.75, don haka riyal 3,000 dala 800 ce, a shekara dala 9,600. Mu ƙaddara dala ɗaya naira 1,500, sai ya zama naira miliyan 14 da dubu 400. A jadawalin sabuwar doka, bayan 800,000 na farko, ana cire kashi 15 cikin ɗari a kan miliyan 2.2 da ke biye, kashi 18 a kan miliyan 9 na gaba, sannan kashi 21 a kan ragowar. Jimla ta kusa naira miliyan biyu da rabi, kafin ɗan rangwamen da doka ta yarda da shi. Wato albashin kusan wata biyu cur. Kuma babu abin da za a rage masa da sunan ya riga ya biya a can, tunda Saudiyya ba ta cire haraji a albashi, haka ma Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Amma ba wai zaman kyauta yake yi ba. Duk abin da ya saya a kanti yana biyan kashi 15 na harajin kaya tun 2020, kuma da farashin can yake cin abinci, ba da na kasuwar Wuse ba. Jadawalin da aka tsara don mai karɓar naira, idan aka ɗora shi a kan mai karɓar riyal bayan faɗuwar da naira ta yi tun Yunin 2023, sai ya mai da direba ya zama kamar babban darakta.

Yanzu a kwatanta shi da wanda ya kwashe matarsa da 'ya'yansa gaba ɗaya ya kai su Landan ko Toronto, ya sayar da gidansa na Maitama ko ya mai da shi sunan kamfani, ya karɓi fasfo na biyu, kuma yana da lauyan da zai tsara masa takardu. Wannan ya fita fes, babu sharaɗin da ya riƙe shi. Wanda ya yanke igiya da gida ya tsira, wanda ya ƙi yankewa shi ne a hannu. An bar jaki ana dukan taiki. Ban yi imani haka masu rubuta dokar suka nufa ba, na fi zaton attajirin da yake kwana 182 a Abuja ya tsallaka Dubai don guje wa haraji suke farauta. Amma jami'in haraji ba niyyar marubuci yake karantawa ba, abin da ke rubuce yake karantawa.

Na Ingila ma ba su tsira ba, duk da cewa akwai yarjejeniyar hana biyan haraji sau biyu tsakaninmu da su. Tun ranar 11 ga Maris, 2024, Birtaniya ta hana masu zuwa aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya tafiya da iyalansu. 'Yan matanmu da matan aure da yawa daga Jos da Kaduna da nan Abuja ta wannan ƙofa suka shiga, sun bar miji da yara a gida ba da son ransu ba. Mai karɓar fam 25,000 a shekara, an yafe mata fam 12,570 na farko, ana cire kashi 20 a kan saura tun kafin albashin ya shigo hannunta, wajen fam 2,500 ke nan. Idan aka juya albashin nan zuwa naira a kan 2,000, miliyan 50 ne, kuma harajinsa a jadawalinmu ya haura miliyan 10, sama da fam 5,000. Mutane suna zaton yarjejeniya tana nufin wanda ya biya a can ya gama. Ba haka take aiki ba. Idan hukunci ya faɗa cewa Najeriya ce mazauninta saboda gidanta da iyalinta suna nan, abin da za a yi mata shi ne a cire abin da ta biya a can, ta ciko ragowar. Matar da take tsaye awa goma sha biyu tana ɗaga tsofaffi, rabin albashinta yana tafiya a hayar ɗaki, ina za ta samo cikon? Waɗanda suke Amurka kuwa, babu ma irin wannan yarjejeniya tsakaninmu da ita, ga shi daga Janairun 2026 ta sa kashi ɗaya cikin ɗari a kan kuɗin da aka tura waje da tsaba.

Na san Malam Taiwo Oyedele, wanda ya jagoranci kwamitin gyaran haraji, ya sha fitowa yana kwantar da hankali: cewa ba za a taɓa kuɗin da ake turo wa iyali ba, cewa kyauta ba kuɗin shiga ba ce, cewa riƙe fasfon Najeriya kaɗai ba ya sa mutum ya zama mazauni. Mun ji, kuma mun gode. Gara mu da Amurka da take bin ɗan ƙasarta da haraji duk inda ya shiga a duniya, ko Eritiriya da take karɓar kashi biyu cikin ɗari daga 'yan ƙasarta na waje. Sai dai hira a talabijin ba ta tsaya wa mutum a gaban jami'in da ya zo da takardar kimantawa. Kuma ba ofishinka ne zai ƙwanƙwasa ƙofar ba. Harajin ɗaiɗaikun mutane na jihohi ne, a Abuja kuma na hukumar harajin Birnin Tarayya. Kowace jiha tana neman kuɗin shiga ido rufe. Mutumin da matarsa take Mararraba, wadda ƙasar Nasarawa ce, filinsa yana Kubwa, mahaifiyarsa tana Gangare a Jos a gidan da shi ya gyara, wa zai karɓi harajinsa idan an ce mazauni ne? Hukumomi uku ne kowacce za ta iya cewa nata ne, shi kuma yana Jidda ba shi da bakin kare kansa.

Akwai kuma 'yan uwan da kuɗin ke bi ta hannunsu, waɗanda ba a cika tunawa da su ba. Wani malamin firamare ya shigo mini da bayanan asusunsa da ya buga a banki, shafi bakwai, ya bi kowane layi da jan biro. Albashinsa bai kai a yi magana ba, amma miliyoyi sun ratsa asusun a shekara, domin wansa da ke Dubai ta nan yake turo kuɗin gini. Ya ware su da hannunsa a gefen takarda: wannan na siminti, wannan na rodi, wannan na birkila, wannan kuɗin makarantar yara, wannan maganin Hajiya. Rasit kuwa babu, don mai tipar yashi ba ya ba da rasit. Tambayarsa ita ce, idan aka kira shi, da me zai nuna cewa kuɗin nan amana ce ba samunsa ba? Wani ya gaya masa wai a riƙa rubuta "kyauta" a wurin bayanin tura kuɗi, shi ke nan an tsira. Na ce masa ya buɗe littafi ya riƙa rubuta shiga da fita, ya adana saƙonnin wayar da ke tsakaninsa da wansa. Iyakar abin da zan iya ba shi ke nan, domin ba ni da wata takarda daga gare ku da ta faɗi hujjar da za ku karɓa.

Wannan ruɗani yana da farashi, kuma ƙasa ce za ta biya. Kuɗin da 'yan Najeriya ke turowa daga waje ya kai wajen dala biliyan 20 a shekara. Babban Banki ya sha wahala kafin ya jawo wani kaso daga ciki zuwa hanyar banki. A Janairun 2025 ya fito da asusu na musamman don mazauna waje, a watan Mayu kuma ya buɗe musu hanyar samun BVN ba tare da sun zo gida ba. To ga mutum Babban Banki ya yi masa rajista a matsayin wanda ba mazauni ba, dokar haraji kuma tana iya kiransa mazauni. Mutanenmu kuwa ba su manta tsohuwar hanya ba. Ka miƙa riyal a wani shago a Jidda, kafin ka koma masauki an kira ɗan'uwanka ya je wurin 'yan canji a Zone 4 ko Wapa ya karɓi naira. Babu fom, babu tambaya, babu sawu. Tsoro kaɗan ya isa ya mai da su can. Na riga na ji masu cewa za su mai da takardun gidajensu sunan ƙannensu, wasu suna shawarar dakatar da gini, wani ma yana tunanin ya kai iyalinsa Yamai ko Kwatano. Wanda ya san rigimar gado a gidajenmu ya san abin da ke biyo bayan sa gida da sunan ƙane.

Ba ina roƙon a yafe wa duk wanda ya taɓa hawa jirgi ba ne. Wanda yake zaune a Landan yana karɓar hayar gidajensa na Gwarimpa ya biya, a nan kuɗin ya fito. Matashin da yake zaune a Lugbe yana yi wa kamfanin Amurka aiki ta intanet ana biyansa da dala ya biya, titinmu yake bi, a cikinmu yake kwana. Ɗan kasuwar da yake kai da kawowa tsakanin Kano da Dubai da Guangzhou, shagonsa da ribarsa suna nan, shi ma ya biya. Tunda Najeriya tana cikin tsarin musayar bayanan asusun banki tsakanin ƙasashe, ku yi amfani da shi ku kamo manyan da suka ɓoye dukiya a waje, babu mai tausaya musu. Maganata a kan mai aikin albashi ne wanda jikinsa da guminsa suke wata ƙasa shekara da shekaru.

Kuma ba sabon abu nake nema ba. Birtaniya, wadda muka gaji tsarin harajinmu daga gare ta, ta sha irin wannan gardama a kotuna har ta gaji, sai a 2013 ta rubuta ma'aunin tantance mazauni a cikin doka. A ciki akwai ƙa'ida mai sauƙi: wanda yake cikakken aiki a wata ƙasa, bai kai kwana 91 a Birtaniya cikin shekarar ba, kuma kwanakin da ya yi aiki a cikinta ba su kai 31 ba, ba mazauni ba ne kai tsaye. Ba a tambayar ina matarsa, ba a tambayar ko yana da gida. Sai wanda bai cika wannan ba ne ake shiga ƙidayar alaƙoƙinsa. Mutum zai iya zama da fasfonsa da kalanda ya san matsayinsa ba tare da lauya ba.

Irin wannan nake roƙo ku fitar, a rubuce, da hatimin hukumar haɗin gwiwa ta masu tara haraji, ta yadda zai ɗaure jami'in Filato da na Nasarawa da na Abuja baki ɗaya. Idan kun ga sanarwa ba za ta iya rinjayar lafazin doka ba, ku kai wa Majalisa gyara, layi biyu ne. A ciki a faɗi ƙarara cewa gidan da mutum ya gina wa iyalinsa ba ya mai da shi mazauni muddin yana cikakken aiki a waje. A samar da takardar shaidar rashin zama da mutum zai nema ta waya da kwantiraginsa da igamarsa da tambarin fasfonsa, ko ta ofishin jakadancinmu na Riyad da na Jidda da na Dubai, kada a ce sai ya yanki tikiti ya zo Abuja. A kuma yi maganar mai dawowa gida: wanda ya dawo a tsakiyar shekara a raba masa shekarar biyu, kuma abin da ya tara lokacin da ba mazauni ba ne kada a bi shi haraji a kai ranar da ya shigo da shi. Idan ba a faɗi wannan ba, mutane za su dawo su bar kuɗinsu a can.

Ga Hajiya Shugabar hukumar mazauna waje, ina da ƙorafi na daban. Duk shekara ana bikin ranar 25 ga Yuli, ana karrama likitoci da injiniyoyi da suka yi fice a Turai da Amurka, kuma sun cancanta. Amma mazauna waje ba su kaɗai ba ne. Akwai direbobi da masu gadi da teloli da masu aikin gida a ƙasashen Larabawa, akwai 'yan kasuwar zango-zango a Kumasi da Yawunde da Libreville, waɗanda yawancinsu ba sa karanta dogon bayani da Turanci. Saƙon murya a WhatsApp da rediyo su ne jaridarsu, kuma a halin yanzu masu jita-jita ne suka cika wurin. A fassara bayanin nan da Hausa, a karanta shi a gidajen rediyon da suke saurare. Na yaba da kwaso ɗalibanmu da aka yi daga Sudan a 2023, an nuna cewa ƙasa tana iya tunawa da nata. Sai dai mutanen nan har yau ba su da ƙuri'a, Majalisa ta yi watsi da ƙudurin ba su damar zaɓe daga waje a watan Maris na 2022. Wanda ba shi da wakilin da zai kai wa kuka, ofishinki ne kaɗai bakinsa a wurin masu haraji.

A Arewa maganar haraji tana da tarihi, ranka ya daɗe. Har gobe dattawa suna ambaton Abubakar Rimi da Balarabe Musa da alheri saboda soke haraji da jangali da suka yi a Kano da Kaduna a 1979, ba don mutane ba sa son gwamnati ta samu kuɗi ba, sai don sun ga a kan wa nauyin yake sauka da yadda ake karɓarsa.

Ƙarshen watan Maris ne lokacin da aka saba miƙa bayanin kuɗin shiga na shekara, kuma masu bugo mini waya suna so su san ko su cike ko kada su cike. Kafin amsarku ta fito, abin da nake gaya musu shi ne su adana kwantiragi da takardun albashi, su ɗauki hoton kowane tambari da ke fasfonsu, su ci gaba da turo kuɗi ta banki, kuma kada kowa ya sayar da gidansa ko ya canja masa suna. Ina fata ba za ku bar ni in ji kunyarsu ba.

Wassalam.

Naku,
Wani mai rubuta wa 'yan kasuwa lissafi,
Wuse, Abuja.